Ƙaton Gogen Baban Zarah

Lewisham, Landan

Zuwa ga Yaya Fulera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara duka. Yaya ƙafar Hajiya? Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya.

Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki karanta. Maigidana Baban Zarah, likitan haƙori guda da furfurarsa, ya sayo goge. Ba irin namu ba, wani ƙato ne na Turawa, celo suke ce masa, a tsaye ya kai mini kafaɗa. Ran da aka shigo da shi cikin baƙin akwatinsa sai da gabana ya faɗi, don wallahi kamar an kawo mana gawa. Zama yake a kujera, ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa, ya yi ta gogawa, abin yana kuka kamar sa a hannun mahauta. Ni auduga nake cusawa a kunne.

Kowace Asabar yana zuwa Plumstead ɗaukar darasi wurin wani Malam Rwang, mutumin Jos, mai kaɗa shi a cocinsu. Na tambayi Baban Zarah abin da ya kai shi, ya ce tun da Zarah ta tafi jami'a gidan ya yi masa shiru. Na ce to ni da surutuna fa? Ya yi dariya kawai.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Ko labarai yake kallo, sai in ga hannunsa na hagu yana rawa a kan cinyarsa. Ya ce darasi ne, wai haka ake girgiza yatsu a kan tsirkiya don muryar ta yi daɗi, kuma dole a riƙa gwadawa ko ba a riƙe da kayan. Na yarda. Amma jiya na ga yana wannan darasin a zaman tahiya.

Ki gaida Hajiya da kyau.

Ƙanwarki,
Murja

Zuwa ga Yaya Fulera,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya. Mu ma alhamdu lillahi. A takarda nake rubuto miki don ba na so Baban Zarah ya ji ni a waya.

Na ji saƙonki. Da kika ce goge kayan 'yan bori ne, shi ke kiran iskoki, kuma duk wanda hannunsa ya kama rawa a gidan da ake goge a bincika, dariya na yi har da hawaye. Na ce Yaya dai ba ta canzawa. Yanzu na daina dariyar.

Shekaranjiya ya ɓarar da shayi a kan rigarsa, ya ce kofin ne ya yi zafi. Ya daina sa takalma masu igiya. Maɓallin wuyan kaftaninsa ni nake sa masa, wai sauri yake yi. Da muka je kasuwar Lewisham sayen doya na biyo shi a baya, sai na lura hannun nan ba ya lilo in yana tafiya, yana nan manne da jikinsa.

Yaya, tsoro nake ji. Kullum da safe yana fita aiki, kuma da hannun nan yake riƙe madubi a bakin mutane, ɗayan hannun da allura ko injin huda haƙori. Har yara ƙanana ake kai masa. In na ɗauko zancen sai ya ɗaure fuska, ya shige ɗaki ya rungumi gogensa. Ina yi masa tofi a ruwan sha ba tare da ya sani ba, na sa habbatus sauda a abinci, ban ga sauƙi ba.

Zan bi shawararki. Ranar Juma'a in ya fita, abin nan zai bar mini gida.

Taki,
Murja

Zuwa ga Yaya Fulera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na yi yadda kika ce. Na kira tasi, na kai gogen Plumstead, na roƙi Malam Rwang ya ajiye shi. Na kuma ce masa don Allah ya daina koya wa maigidana wannan girgiza hannun. Mutumin ya ce shi bai taɓa koya masa ba, sai ɗalibi ya shekara biyu ma ake fara zancenta. Ya ce shi ma ya ga rawar hannun, amma da zarar yatsun sun hau tsirkiya sai su tsaya cak. Ya taɓa tambayarsa ko ya ga likita, maigidana ya ce ai shi ma likita ne. Ban san yadda na iso gida ba, gogen ma can na baro shi.

Da Baban Zarah ya dawo ya ga kusurwar ɗakin wayam, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya zauna a kujerar nan, hannun yana ta kaɗawa, ba abin da zai ce yana gwadawa. Sai ya faɗa mini cewa tun kafin azumin bara abin ya fara. Ya sayi gogen ne don in yatsun suna aiki mai wuya sukan lafa, kuma don in na tambaya ya sami abin faɗa. Ya san sunan ciwon da yake zargi, amma ya ƙi furta shi. Na yi kuka, Yaya. Abu ɗaya da ke kwantar masa da hannu, shi na ɗauke.

Tun ranar bai koma aiki ba, kuma ban ga alamar zai koma ba. Laraba za mu ga likitan jijiyoyi. Washegarin abin na koma Plumstead na ɗauko gogen a bas, na rungume shi mutane suna kallona. Yanzu haka da nake rubutu yana can yana gogawa. Na zubar da audugar. In ya yi shiru ne gabana ke faɗuwa, don na san abin da hannun yake yi.

Zarah ba ta sani ba tukuna. Ki sa mu a addu'a. Hajiya kuwa, da hawan jininta, kada ki faɗa mata komai. In ta tambaye ki, ki ce muna lafiya.

Ƙanwarki,
Murja