Abin da aka gani a bakin Kili

Ɗana Ilu,

Ina gaishe ka. Yaya aiki, yaya Hadiza da yara? Mu lafiya, sai dai babanka.

Wata biyu dokinsa Kili yana kaɗa kai yana barin dawa, shi kuwa yana dukansa, wai taurin kai ne. Ranar kasuwar Illela likitan dabbobi ya buɗe bakinsa. Ilu, ashe linzami ya tsaga masa harshe, har ya yi ruwa! Babanka ya zauna a ƙasa yana kuka gaban mutane. Ban taɓa ganin hawayensa ba.

Yanzu Kili yana ci, babanka ne ya daina.

Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Ka gai da kowa, ku sa mu addu'a.

Innarka