Abin da Aka Yi wa Hammatata a Shagon Aski

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Aski,
Ofishin Ƙungiya, Saman Bene, Layin Masu Aski.

Daga:
Dogo, ɗan wasan ƙwallon kwando,
Gidan da ke kallon famfo, bayan makarantar firamare.

Litinin, 9 ga Yuni.

Game da: Cire mini gashin hammata da kaki ba bisa ƙa'ida ba, da fesa sifirit a kan raunin.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma rabona da dogon rubutu tun jarrabawar fita sakandare. Ina neman afuwa idan layin ya karkace, hannuna na dama ba ya rufuwa.

Ƙarar ɗan ƙungiyarku na kawo, mai shagon da ke jikin na mai gyaran waya, wanda ake ce wa Oga Kilifa. Shi ke mini aski tun ina firamare. A kaina bai taɓa yin kuskure ba.

Ranar Asabar mai zuwa za a zaɓi 'yan wasan da za su shiga babbar ƙungiyarmu. Rigar wasan ba ta da hannu, ni kuma Allah ya hore mini gashin hammata. Duk sanda na ɗaga hannu zan jefa ƙwallo, sai 'yan kallo su hau ihun a kawo lauje. Reza kuma ƙuraje take fesa mini. Ranar Juma'a, 6 ga wata, na ga Oga Kilifa ya manna sanarwa a madubi cewa yanzu yana cire gashi da kaki, wato danƙon nan da ake narkawa a shafa a fizge. Na zauna. Ga abin da ya biyo baya:

1. Bai gaya mini ni ne na farko ba. Sai da na tuɓe riga na ga ya jingina waya da kwalbar man gashi, yana kallon bidiyon yadda ake yi. Data ta ƙare masa a tsakiya. Ya ce ai ya gane sauran.

2. Bai rage gashin ba. Daga baya mai kemis ya shaida mini gashi irin nawa sai an datse shi tukuna. Almakashi na aljihun Oga Kilifa, Yallaɓai.

3. Ya shafa kakin da zafinsa, sannan ya riƙa ja a hankali, wai tausayina yake ji. Da bai fita duka ba, sai ya sake shafawa a wurin, ya kuma sakewa, masu jiran layi suna ba shi shawara. Ban yi kuka ba. Fanka ce ta sa idona ruwa.

4. Wannan shi ne babba. Na san al'adar sana'arku ce in an gama aski a fesa sifirit, a bi da hoda. To, hammata ba ƙeya ba ce. Yana ajiye kakin hannunsa ya tafi kan kwalbar sifirit da kansa, ya fesa mini a kan ɗanyar fata. Bayan haka har ya ɗago madubi wai in duba ko ya yi. Abin da ya fito daga bakina ba na takarda ba ne. Ina neman gafarar dattijon da ke karanta jarida a kan benci.

5. Hammatar hagu tana nan yadda take. Na fice da rigata a hannu.

Tun ranar nake tafiya kamar mai ɗauke da bokiti. Yayata ce ke jiƙa tsumma ta sa a firiji, ta ɗora mini, tana dariya har da riƙe bango. Mai kemis ya ba ni man shafawa marar ƙamshi, ya hana ni turare da matsattsiyar riga, ya kuma ce kar gumi ya taɓa wurin sai fata ta haɗe. Yallaɓai, atisaye ai gumi ne. Koci ya ce duk wanda bai gani a fili ba a satin nan, babu sunansa ranar Asabar. Na ce masa ba ni da lafiya. Ya kalle ni daga sama har ƙasa, bai ga komai ba, ni kuma ba zan ɗaga masa hannu a gaban yara ba.

Saboda haka nake roƙonku abu biyu. Na ɗaya, a karɓe tukunyar kakin nan har sai ya koya a hannun wanda ya iya, a kuma sanar da 'yan ƙungiya cewa sifirit iyakarsa wuya. Ba na so a rufe masa shago. Wa zai yi mini aski?

Na biyu, ku taimaka ku rubuta wa koci takarda mai hatiminku kafin Alhamis, cewa rauni na ji a hannun ɗan ƙungiyarku, ba lalaci ba ne, don ya bar ni in shiga zaɓen. Shekarar nan ce ta ƙarshe da shekaruna suka yarda. Ina roƙon kar a ambaci wurin. A rubuta ƙasan kafaɗa. Ba ƙarya aka yi ba.

Allah ya ƙara girma, ya ja da rai.

Naku mai biyayya,
Dogo
(Na sa hannu da hagu.)