Za Su Yanka Tsohon Get Su Auna a Sikeli

Assalamu alaikum mai wannan fili. Don Allah a taimake ni da shawara, abin ya kai mini wuya. Ni ban yi boko ba, maƙwabcina Malam Abdulbaqi ke rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle aka ɗauke ni gadi a wani kamfanin robobi a Bompai, a watan kuma aka kafa get ɗin kamfanin. A gabana Gwadabe mai walda ya haɗa shi, Allah ya jiƙansa. Ƙarfe ne na gaske, ƙarti takwas suka ɗaga ƙyaure ɗaya. Kowace Juma'a kafin masallaci nakan ɗiga masa baƙin mai a gaɓoɓi. Kafin damina in kankare tsatsa da buroshin waya, in shafa jan fenti, sannan baƙi. Akwai inda ya lotsa ta hagu, ranar da birkin wata babbar mota ya tsinke. Ma'aikata na tsaye a bayansa suna jiran tashi, ba wanda ya ko ƙwarzane.

Da Alhaji mai kamfanin ya rasu, 'yarsa Hajiya Badi'a ta karɓa. Bara ta sa aka cire get ɗin aka jingine bayan sito, wai ya yi wa tirela kaɗan. Aka kawo wani abu mai tafiya a kan taya, ana danna masa rimot kamar talabijin. Fayif ne holoƙo, in ka ƙwanƙwasa sai ka rantse gwangwanin madara ne. Shingen ƙarfen da suka jera tare da shi damina ɗaya ya gani, gindinsa duk ya cinye. Mai fenti ya zo ya lulluɓe tsatsar da fenti mai ƙyalli, kamar wanda ya sa sabuwar riga bai yi wanka ba. Wallahi ko kallonsa ba na son yi.

Duk da haka ban yi masa rowa ba, tunda amana ce. Na riƙa zuba baƙin mai a kan dogon ƙarfen da tayarsa ke bi, har fiye da wanda nake ba tsohon. Ranar Litinin ya goce daga layinsa ya karkato, saura ƙiris ya danne Indo mai abinci da tukwanenta. Maimakon a kira wanda ya yi wannan aikin banza, ni aka kira ofis. Wai man da nake zubawa ne ya tara yashi. Ni za a koya wa get! Har da miƙo mini takardar gargaɗi, an san kuwa ba na karantawa.

Yanzu na ji an gama magana da 'yan gwangwan, ƙarshen wata za su zo su yanka tsohon su auna a sikeli. Matata ta ce in yi shiru kada a sallame ni da furfura. Ni dai gobe da safe zan ɗaure shi da sarƙa, in sa kwaɗona, in shimfiɗa tabarmata a gindinsa. Mai yanka ya fara ta kaina.

Tsohon Maigadi, Bompai

Wa alaikumus salam Baba. In kun riga kun sa kwaɗon nan, ku cire shi yau. Get ɗin dukiyar magada ne, kuma kwaɗo ba zai jawo muku komai ba sai sallama, a yanka get ɗin bayan tafiyarku.

Kuna da gaskiya a abubuwa da yawa. Fayif marar kauri bai dace da ƙofar da manyan motoci ke wucewa ba, kuma fenti a kan tsatsa ha'inci ne. Amma ku yi haƙuri, maganar man nan gaskiya aka gaya muku. Na tambayi wani tsohon mai walda a Sharaɗa, ya ce get mai taya shara layinsa ke so, ba mai ba. Mai da yashi in sun haɗu sai su zama kunu. Ya kuma ce da an sa masa ƙarfen tokare a sama da ƙarshen layi, ko ya goce ba zai karkato ba. Kenan laifin ya rabu biyu. Ita ma Hajiya ba ƙin mahaifinta ta yi ba, tirelar yau ba ta shiga tsohuwar ƙofa.

Ku nemi ganinta da kanku, ku fara da amsa naku kuskuren, domin shi zai sa ta saurari sauran. Ku roƙi a sa tokaren nan kafin ya faɗa wa wani. Ku kai ta gindin shingen, ku sa farce ku ɓare fentin ta gani da idonta. Sannan ku nemi a mayar da tsohon get ƙofar sito ko ta baya, inda tirela ba ta bi, ku ba ta labarin motar da ya tare. Mai yiwuwa ba ta taɓa ji ba.

In ta ƙi, kun sauke nauyi. Ku bar shi ya tafi, ku riƙe aikinku. Allah ya sa ta ji ku, ya ƙara muku lafiya.