Dutsen Da Na Ce Maka Ba Shi Ba Ne

Zuwa ga abokina Sagir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Funtuwa. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Sau uku na kira, da ka ɗauka sai in ɓige da tambayarka ya damina. Shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a za su gani, don kada in sami hanyar zillewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka riga ka ji rasuwar Baba Usman, dattijon nan Bahaushen Sudan mai sayar da carbi da duwatsun zobe a kasuwar Ataba, wanda ya riƙe mu kamar 'ya'yansa tun zuwanmu karatu Alƙahira. Abin da ba ka ji ba shi ne, ya bar maka gilashinsa na duba dutse. Kai ya bar wa. Shekara biyu da komawarka gida, ni nake tasowa daga unguwar Ainu Shams in kai shi asibiti, ni nake bin layin magani. Amma da ciwo ya tsananta sai ya danƙa min gilashin ya ce, "Amanar Sagir." Na karɓa da hannu biyu, zuciyata kuwa kamar an zuba mata barkono. Yau kwanansa arba'in a akwatina.

Ka tuna lokacin da yake kai mu bakin tafkin Fayyum idan an yi hutu. Shi ya gaya mana wurin nan teku ne a zamanin da, murjanin cikinsa ya daskare ya zama dutse. A bushe ba ka bambanta shi da tsakuwar hanya. Sai an jiƙa shi idanunsa ke fitowa, a jere kamar saƙar zuma. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ka jiƙa shi kafin ka yanke masa hukunci."

Ni masu sheƙi nake tsinta, in cika aljihu, ya duba ɗaya bayan ɗaya ya watsar yana cewa da Larabci, "Ma'alish, ya waladi," wato yi haƙuri, ɗana. Kai kuwa tafiyarka kamar ta hawainiya, munanan kake ɗauka, kuma naka yake ajiyewa. Ina yi maka dariya a fili, a ciki ina cin wuta.

Zuwanmu na ƙarshe, Baba ya gaji ya zauna a inuwa. Mun yi nisa da bakin ruwa, gorarka ta ƙare, sai ka kawo min wani dutse toka-toka mai girman ƙwan zabo ka ce in ɗiga masa ruwa. Na juya maka baya na ɗiga. Sagir, idanu ne tun daga sama har ƙasa, ko Baba bai taɓa nuna mana irinsa ba. Na goge shi a wandona, na ce maka ba shi ba ne, na yar a gefen ƙafata. Ka ce "khalas," wato shi ke nan, ka yi gaba, domin ba ka taɓa tunanin zan yi maka ƙarya ba. Kana juyawa na sunkuya na sa shi a aljihu.

Bayan ka tafi gida na kai wa Baba a shago, na ce ni na tsinto. Ya daɗe yana dubawa da gilashin nan, sannan ya ɗago ya ce, "Idon Sagir ke nan. Kai ba ka taɓa sunkuyawa don mummunan dutse ba." Ya mayar min da shi, ya zuba min shayi, bai ƙara tada maganar ba har ya koma ga Allah. Ya rufa min asiri, amma bai fasa tambayata labarinka duk zuwa ba.

Ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba: har yanzu ina kishinka. Ina kishin idonka, ina kishin yadda fuskar tsohon nan ke washewa idan an ambaci sunanka. An ce hassada ga mai rabo taki ce, ga shi na gani a kaina. Na ɗauke maka dutse, sai ga gilashin ma ya biyo ka. Duk da haka, in na sayi ful, dafaffen waken nan, da safe har yau na mutum biyu nake kusan cewa a zuba.

Jibi wani ɗan ajinmu zai taho gida, na ba shi gilashin da dutsen a ƙulle cikin tsohon rawanin Baba. Dutsen zai zo maka a bushe, kamar ba komai ba. Ka ɗiga masa ruwa da hannunka, ka ga abin da na hana ka gani.

Allah Ya jiƙan Baba Usman, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ƙara wa idonka haske, ni kuma Ya wanke min zuciya. Idan ka iya, ka yafe min.

Naka, wanda ya ce maka ba shi ba ne,
Nura