Barkar da ta makara

Garin Bron, daren Laraba

Yau a fak, wato jami'a, na yi ekspoze kan Bajamushen nan masanin falsafa da nake rubuta memwar, kundin digirina, a kansa. Na bayyana ra'ayinsa gaban aji: buri ba ya ƙarewa, in ka samu abin da kake so sai gundura ta biyo baya, kuma da ba a haifi mutum ba da ya huta. Malam ya yaba.

Ina cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, Inna ta kira daga Damagaram. "Hadiza ta sauka, ɗiya mace!" Hadiza ƙanwata ce, ta haihu ke nan bayan ɓari biyu.

Sai na yi shiru. Wallahi ba da gangan ba. Tausayin jaririyar ne ya riga murna zuwa.

"Issufu, ba ka ce barka ba."

Na ce, "Barka, Inna, Allah ya raya." Na ɗora wa rezo laifi, na ce layin waya ne ya katse.

Ta ce, "Rezo lafiyarsa lau, ina jin numfashinka."

Wata takwas ina cewa ra'ayin Bajamushen nan karatu ne kawai, ba ya shiga zuciya. Har yanzu ban kira Hadiza ba. Ina tsoron ita ma ta ji numfashina.