Binciken Asalin Nuriyya

Al-Oud, Riyad

Yaya Dabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, cewa ƙaninmu Shakir ba zai auri Nuriyya ba sai ka binciki asalinta da kanka. Sannu da ƙoƙari, mai tsaron gida. Shekara nawa yaron nan yana tuƙin tankar ruwa a zafin ranar Riyad ba ka taɓa tambayar ko ya ci ba, sai yau ka tuna kai ne babba.

Mahaifinta, Malam Yusof, tela ne a layinmu, mutumin Kambodiya. Ka ce a nuna maka danginsa. Ka je ka tono su. Yana yaro sojojin Khmer Rouge, masu mulkin ƙasar a lokacin, suka kashe iyayensa da 'yan'uwansa kaf, ya bi daji zuwa sansanin gudun hijira a Thailand, daga baya ya samu iƙama, takardar zama, a nan. Na roƙe ka, in ka kira shi, ka tsaya a gaisuwa.

Ƙaninka,
Basiru

Al-Oud, Riyad

Yaya Dabo,

Ina gaisuwa, don Inna ta koya mana gaisuwa. Ina fata kana lafiya.

Ina zaune a shagon Malam Yusof lokacin da ka kira shi, da Larabcinka na makarantar dare. Wane ne ubanka, me yake yi, wane gari, ya yi karatu? Ka jero su kamar mai tantance buhunan gero. Dattijon nan da ya sauke Alƙur'ani ya miƙe tsaye, yana ta maimaita maka cewa shi manomi ne, bai san komai ba. Kai kuwa har da dariya, wai ka kama maƙaryaci.

To, bari in gaya maka abin da Nuriyya ta gaya mini tana kuka. Tambayoyin nan su sojojin suka yi wa mahaifin Malam Yusof a bakin rami. Ya faɗi gaskiya, cewa shi liman ne, suka kashe shi. A lokacin mai karatu ake nema, sai wanda ya ce shi manomi ne yake tsira.

Jiya Malam Yusof ya maido kayan gaisuwar da muka kai. Ya ce ba ya fushi da kowa, amma 'yarsa ba za ta shiga gidan da ake tambayar nan ba. Shakir ko abinci ya kasa ci.

Ka kwantar da hankalinka, Yaya. Asalinmu yana nan tsaf, babu wanda ya taɓa shi. Su ne suka bincika namu, suka ce ba sa so.

Basiru