Alamar Biro a Hannuna

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Kakarki na nan da faɗanta, ba abin da ya ragu. Kada munin rubutun nan ya tsorata ki, da hagu nake yi, ga kuma dalili.

Mako uku da suka wuce ina goge wata ƙofa a shago, sartse ya shige mini manuniyar dama. Shekara arba'in ina aikin kafinta, sartse nawa na cire da haƙori? Na tsotse jinin na ci gaba. Yatsa ya kumbura, na share shi. Rana ta huɗu sai rawar sanyi da tsakar rana, numfashi sama-sama, zuciya na dukan uku-uku, wai har tambaya nake wa ya shigo da shago cikin ɗaki. Baffanki ya ce zazzaɓin sauro ne, in sha magani in lulluɓa. Na goyi bayansa, kin dai san taurin kan ubanki.

Mahaifiyarki ba ta yi musu da kowa ba. Ta juya hannuna, ta ga wani duhun layi mai zafi ya taso daga yatsan ya wuce wuyan hannu. Ta zaro biro daga aljihuna ta yi alama daidai inda ya tsaya. Ta ce haka ta ga ma'aikatan jinya suna yi, shekarun da ta yi tana goge daɓen asibiti. Bayan awa biyu ta miƙo mini abin awona, ta ce tunda ni mai awo ne, in auna da kaina. Layin ya haura alamar da inci biyu. Gani ya kori ji, na nemi takalmina.

A asibiti likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jinina, da mun ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Ya tambayi wace ma'aikaciyar jinya ce ta yi alamar. Mahaifiyarki ta sunkuyar da kai ta ce ita mai shara ce kawai. Sai ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Wallahi ina kwance da ƙarin ruwa a hannu, amma ji na yi kamar in tashi in sanar da duk asibitin cewa matata ce. Kwanana tara. An cire gaɓa ɗaya ta yatsan, hannu da rai sun tsira.

Ki gaida maigidanki, da surukarki, da takwarana sarkin ɓarna. Gwaggonki da Auta suna gaishe ki. Sai roƙo ɗaya: sau uku ina buɗe baki in gode wa mahaifiyarki, sai in ji na ce ta miƙo mini ruwa. Ki kira ta, ki karanta mata takardar nan tun daga farko.

Ni ne naki,
Baba